Tsakanin Kakakin Soja, Ɗan Jarida da Mai Sharhi: Auna Sahihancin Sharhin Siyasa kan Labaran Soja a Nijeriya da Nijar

Tsakure

Wannan takarda ta dubi sharhin da 'yan siyasa, jami'an gwamnati da masu fashin baƙi kan yi game da yadda kafafen yaɗa labarai ke ba da labarin soja a Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, daga 2013 zuwa 2024. Wanda ake aunawa a cikinta shi ne mutumin da ke zuwa bayan an buga labari ya ce ɗan jarida ya yi daidai ko ya yi ɓarna. Takardar ta bi wasu al'amura da aka yi jayayya a kansu, waɗanda daga baya bincike ko amsa laifi ya fito da wani abu tabbatacce game da su, ta gwada abin da aka faɗa da zafi-zafi da abin da ya bayyana bayan ƙura ta lafa. Matsayinta shi ne cewa sahihancin mai sharhi yana rataye ne ga fayyace tuhumarsa ta yadda za a iya bin sawunta, da kuma riƙe ma'auni ɗaya ko da mulki ya sauya hannu.

Gabatarwa



Labarin da ya shafi soja yakan biyo ta hannu uku kafin ya zauna a zuciyar mai sauraro. Akwai hannun wanda abin ya shafa kai tsaye: sojan da ke bakin daga, mutumin ƙauyen da aka kai wa hari, ma'aikacin asibitin da aka kawo wa gawarwaki, da kakakin rundunar da ke fitar da sanarwa daga Abuja ko Yamai. Akwai hannun ɗan jarida, wanda ke tattara waɗannan maganganu ya tace ya buga. Sannan ga mai sharhi, wanda zai iya zama minista, kakakin jam'iyya, tsohon hafsan soja da aka gayyata gidan rediyo, marubucin filin ra'ayi a jarida, ko ɗaya daga cikin waɗanda mutanen Kano ke kira sojojin baka.

Nazarce-nazarcenmu a sassan koyar da aikin jarida sun fi karkata ga hannu na biyu. Muna ƙirga kanun labarai, muna duba wa aka ambata a matsayin majiya, muna auna yawan filin da aka ba kowane ɓangare. Wannan aiki ne mai amfani. Sai dai mafi yawan masu sauraron Hausa ba su karanta rahoton Reuters ko na Human Rights Watch da idonsu ba. Abin da ya iso musu shi ne abin da aka ce game da rahoton, a cikin shirin siyasa na dare ko a saƙon murya na WhatsApp. Ke nan mai sharhi ne ke riƙe da maganar ƙarshe, shi ne kuma wanda muka fi barin sa ya wuce ba tare da an binciki kayansa ba.

Tuhuma uku a baki ɗaya

Idan aka saurari sukar da ake yi wa 'yan jarida kan labaran soja da kunnen basira, za a ji tuhuma uku mabambanta da ake haɗawa a furta kamar abu guda. Ana cewa labarin ƙarya ne. Ana cewa ya tona asirin soja. Ana kuma cewa yana sanyaya gwiwar dakaru ko yana kambama 'yan ta'adda. Kowace daga cikinsu da irin hujjar da take buƙata, kuma biyun farko ma kishiyoyin juna ne, domin labarin da ya tona asiri dole ya kasance gaskiya, wanda kuwa aka ƙirƙira ba shi da asirin da zai tona.

Abin da ya faru da jaridar Daily Trust ranar Lahadi 6 ga Janairun 2019 ya isa misali. A ƙarshen Disambar 2018 mayaƙan ISWAP sun ƙwace garin Baga. Jaridar ta buga labarin cewa sojoji na shirin wani gagarumin farmaki don ƙwato shi. A ranar sojoji suka mamaye ofisoshinta na Maiduguri, Abuja da Legas, suka tafi da editanta na shiyyar arewa maso gabas, Uthman Abubakar, tare da wani wakili, suka kwashi kwamfutoci. Kakakin rundunar sojan ƙasa na lokacin, Birgediya Janar Sani Kukasheka Usman, ya kafa hujja da dokar sirrin gwamnati, wadda aka kafa tun 1962, ya ce jaridar ta fallasa shirin da bai kamata abokan gaba su sani ba. A lura, rundunar ba ta ce labarin ƙarya ba ne. Tuhumarta mai ma'ana ce, wadda mutum mai hankali zai iya tsayawa ya yi muhawara a kanta: shin bayyana shirin farmaki kafin a ƙaddamar da shi bai jefa rayuwar dakaru cikin haɗari ba? Ni kaina ina ganin tambaya ce mai nauyi, kuma editoci ba su da damar yin watsi da ita. Amma wannan tambaya daban take da tambayar ko ya halatta sojoji ɗauke da makamai su rufe gidan jarida ba tare da umarnin kotu ba, kuma fadar shugaban ƙasa da kanta ta umarci sojojin su janye a daren. Mai sharhin da ya ce jaridar ta yi gaggawa amma mamayar ta saɓa ƙa'ida ya raba tambayoyin biyu. Wanda ya tashi ya ce jaridar maƙaryaciya ce mai zagon ƙasa ya faɗi abin da ko rundunar ba ta faɗa ba, kuma a nan ne ya fara zubar da ƙimar maganarsa.

Tuhuma ta uku ita ce mafi santsi, domin babu yadda za a yi a tabbatar da ita ko a ƙaryata ta. A Yulin 2022 BBC ta saki wani fim na bincike kan jagororin 'yan bindigar Zamfara, bayan gidan talabijin na Trust TV ya nuna nasa kan matsalar 'yan fashin daji a watan Maris. Ministan yaɗa labarai, Alhaji Lai Mohammed, ya ce an kambama ta'addanci kuma za a hukunta masu hannu. A watan Agusta hukumar NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, haka ma kamfanonin da suka haska fim ɗin BBC. Jigon zargin bai tsaya kan cewa hotunan na bogi ne ba, ya tsaya kan illar da ake ganin za su yi. Abin lura shi ne, a cikin wannan wata na Yuli ne aka naɗa Ado Aleru, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi magana a fim ɗin, sarautar Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji da rana tsaka, har gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Mai sauraro yana da haƙƙin tambaya, tsakanin kyamara da rawani wanne ya fi kambama mutum.

Rikicin alƙaluma

Inda aka fi samun damar gwada magana da gaskiya shi ne adadin mamata, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Ranar 14 ga Afrilun 2014 da dare aka sace ɗalibai mata a makarantar sakandaren Chibok. Kwana biyu bayan haka hedikwatar tsaro, ta bakin Manjo Janar Chris Olukolade, ta sanar cewa an kuɓutar da dukkansu in ban da takwas. Shugabar makarantar da iyayen yaran suka ce ba haka ba ne, aka janye sanarwar. Adadin da ya tabbata daga baya shi ne 276. Duk wanda ya hau kan sanarwar farko ya zargi 'yan jarida da ƙara gishiri, sanarwar da ya dogara da ita ba ta yi mako ba ta rushe.

A Metele, ranar 18 ga Nuwambar 2018, aka afka wa bataliya ta 157. Kafafen labarai, suna dogaro da majiyoyin soja da suka nemi a sakaya sunansu, sun ce sojojin da suka mutu sun kai ɗari ko fiye. Rundunar ta yi kusan kwana goma kafin ta ba da nata adadin, inda ta ce 23 ne suka kwanta dama, 31 suka ji rauni. Zaɓe na tafe a Fabrairu, don haka kowane ɓangare ya rungumi adadin da ya yi masa daɗi. 'Yan adawa suka riƙe ɗari, 'yan gwamnati suka riƙe 23, kuma kusan babu wanda ya gaya wa mai sauraro ainihin halin da ake ciki, wato cewa adadi ɗaya ya fito ne daga bakin mutanen da ba a ambaci sunansu ba, ɗayan kuma daga hukumar da ke da dalilin rage shi, wadda ta yi jinkirin da ya buɗe ƙofar jita-jita.

A Nijar an ga irin wannan a Chinagodar ranar 9 ga Janairun 2020, wata guda bayan harin Inates da ya ci sojoji 71. Sanarwar farko ta ce sojoji 25 aka rasa. Cikin 'yan kwanaki gwamnati da kanta ta ce 89 ne, aka kuma sauya babban hafsan hafsoshin ƙasar. A wannan karon 'yan jaridar da suka riga gwamnati faɗin babban adadin su suka yi daidai.

Haka abin yake idan fararen hula ne suka mutu a hannun soja. A Zariya, cikin Disambar 2015, sai da aka kafa kwamitin shari'a ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba kafin gwamnatin jihar Kaduna ta bayyana cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando. A Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, ranar 3 ga Disambar 2023, jirgi marar matuƙi ya saki bam kan masu taron Mauludi. Rundunar sojan sama ta ce ba ita ba ce, kuma gaskiya ta faɗa, domin jirgin na sojan ƙasa ne. Babban hafsansu, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, Amnesty ta ce sun haura 120. Wanda ya ɗauki musun sojan sama a safiyar Litinin ya mayar da shi musun soja gaba ɗaya ya yaudari masu sauraronsa, ko da kowace kalma ta sanarwar da ya karanto gaskiya ce.

Kada wannan jerin ya sa a ɗauka cewa kullum ɗan jarida ne mai gaskiya, soja kuma maƙaryaci. A Rann, ranar 17 ga Janairun 2017, da jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, kwamandan yaƙin na lokacin, Manjo Janar Lucky Irabor, ya amsa kuskuren a ranar, binciken hedikwatar tsaro kuma ya ba da adadin 112, wanda ya ɗara kusan 90 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayar. A harin Boko Haram kan Baga a Janairun 2015, adadin mutum 2,000 ya zagaya duniya daga bakin wani jami'in yankin, hedikwatar tsaro ta ce bai wuce 150 ba. Hotunan tauraron ɗan'adam da Amnesty ta fitar sun nuna gine-gine sama da 3,700 da aka lalata a Baga da Doron Baga, abin da ya tabbatar da girman ɓarnar, amma hoton rufin da ya ƙone ba ya ƙirga gawa, kuma adadin 2,000 kiyasi ne da aka yi ta maimaitawa har ya yi kama da ƙidaya. Akwai kuma hoton gawarwakin da suka ƙone a haɗarin tankar mai a garin Sange na ƙasar Kwango a 2010, wanda aka yi shekaru ana yaɗa shi a intanet da sunan kisan gilla a Nijeriya.

Lamarin da ya fi kowanne wahala shi ne na rahoton Reuters na Disambar 2022, wanda ya ce sojoji sun gudanar da shirin ɓoye na zubar da ciki aƙalla 10,000 a arewa maso gabas tun daga 2013. Rundunar ta musanta. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Abdu Aboki, wanda a Nuwambar 2024 ya ce bai ga hujjar wannan shiri ba, amma ya sami sojoji da laifin kashe mutane, har da ƙananan yara, a ƙauyen Abisare na ƙaramar hukumar Marte a 2016. Reuters ta ce tana nan kan rahotonta. A irin wannan wuri ake gane mai sharhi na kirki. Wanda ya ce an wanke soja tas ya ɓoye Abisare. Wanda ya ce kwamitin rufa-rufa ya yi, ba tare da ya nuna inda binciken ya gaza ba, ya ɗora zato a gurbin hujja. Maganar da za ta iya tsayawa da ƙafarta ita ce wadda ta ɗauko sassan biyu tare ta ajiye su a gaban mai sauraro.

Abin da waɗannan al'amura ke nunawa shi ne cewa sanarwar farko, daga kowane ɓangare ta fito, ita ce mafi rauni. An sanar da mutuwar shugaban Boko Haram Abubakar Shekau ko raunata shi raunin ajali a 2013, a 2014 da 2016, kowane karo kuma an sami masu sharhin da suka caccaki 'yan jaridar da suka nuna shakka. Bai mutu ba sai a Mayun 2021 a dajin Sambisa, a rikicinsa da ISWAP. Mai sharhin da ke yanke hukunci cikin sa'o'i ashirin da huɗu na farko, da muryar wanda ya gani da idonsa, alhali shi ma jiyau ne kamar mai sauraronsa, ya cancanci a rage masa maki tun kafin a san ko ya dace ko bai dace ba.

Mai sharhi da kujerar da yake kai

A farkon Yunin 2014 sojoji suka yi kwanaki suna tare motocin rarraba jaridu suna ƙwace kwafe-kwafen Leadership, Daily Trust, The Nation da Punch, bisa hujjar cewa an sami bayanan sirri ana safarar kayan da ke barazana ga tsaro ta wannan hanya. Fadar Shugaba Goodluck Jonathan ta kare matakin. Jam'iyyar APC, ta bakin kakakinta Lai Mohammed, ta yi tir da shi a matsayin yaƙi da 'yancin jarida. Bayan shekara huɗu da rabi, da aka mamaye Daily Trust a ƙarƙashin gwamnatin APC, PDP ce ta fito tana kare 'yancin jarida. Shi kuwa Lai Mohammed, yana minista, shi ne ya ƙaryata rahoton CNN kan harbin Lekki na 20 ga Oktobar 2020 ya kuma nemi a hukunta tashar, alhali rundunar da ta fara kiran labarin kasancewar sojoji a wurin na bogi ta dawo ta amsa a gaban kwamitin jihar Legas cewa dakarunta sun je.

Ban kawo wannan don in ware mutum ɗaya ko jam'iyya ɗaya ba. Jam'iyyun biyu sun yi musayar rubutun da suke karantawa ne ranar da suka yi musayar kujeru. Daga nan ake samun gwaji mafi sauƙi da kowane mai sauraro zai iya yi da kansa: me wannan mutum ya ce lokacin da makamancin abin ya faru a zamanin da nasa ke mulki, ko a zamanin da yake adawa? Idan hukuncinsa yana juyawa da juyawar kujera, to maganarsa shaida ce kan inda yake zaune, ba ta gaya mana komai game da labarin da yake suka.

Su ma gidajen jaridun ba su fita daga wannan gwaji da fararen kaya ba. Da aka fara binciken kuɗin makamai na dala biliyan 2.1 a ofishin tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, a ƙarshen 2015, ya bayyana cewa an biya naira miliyan 120 ta hannun Nduka Obaigbena, shugaban ƙungiyar masu gidajen jaridu na lokacin, a matsayin diyya ga jaridu 12 kan ƙwacen da aka yi musu a 2014. Wasu jaridun sun ce ba su karɓi komai ba, wasu sun mayar. Ko da diyyar halal ce, mai karatu bai san da ita ba a lokacin da yake karanta ra'ayin waɗannan jaridu kan yaƙin, kuma rashin sanin nan shi ne matsalar.

Batun tsofaffin hafsoshi da ake gayyata su yi sharhi ya cancanci a tsaya a kansa. Sun san aikin, sun san ƙasar, kuma sau da yawa su kaɗai ke iya bayyana wa farar hula dalilin da ya sa bataliya ke rasa agaji ko jirgi ke kuskuren hari. Amma ilimi daban, 'yanci daban. A Afrilun 2008 David Barstow na jaridar New York Times ya bankaɗo yadda ma'aikatar tsaron Amurka ta riƙa tattara tsofaffin hafsoshi fiye da 75 masu sharhi a talabijin, tana ba su bayanai na musamman don su riƙa faɗin abin da take so kan yaƙin Iraƙi, da yawansu kuma suna da alaƙa da kamfanonin da ke neman kwangilar soja. Binciken ya ci kyautar Pulitzer a 2009. Ban kawo shi don in ce haka ake yi a nan ba. Na kawo shi ne don tambayar da ya haifar ta shafe mu: idan aka gabatar da mutum a rediyo da sunan masanin tsaro, an taɓa gaya wa mai sauraro ko yana da kamfanin gadi, ko yana ba wata gwamnatin jiha shawara, ko yana neman takara? Sojan baka aƙalla an san ubangidansa, mai sauraro kuma yakan rage wa maganarsa nauyi daidai gwargwado. Wanda ya fi haɗari shi ne mai ubangidan da ba a sani ba.

Shi kansa mai sauraro

A 1985 wasu masana halayyar ɗan'adam a Jami'ar Stanford, Robert Vallone, Lee Ross da Mark Lepper, suka nuna wa ɗalibai magoya bayan Isra'ila da magoya bayan Larabawa rahotannin talabijin iri ɗaya kan kisan sansanonin Sabra da Shatila na 1982. Kowane ɓangare ya tashi yana ganin an yi son kai an cuce shi. Wannan ya bayyana abin da ya sa sharhin da ke cewa jarida ta ɗauki ɓangare yake da kasuwa a kowane lokaci, domin yana faɗa wa mutum abin da zuciyarsa ta riga ta raya masa. Ɗan'uwan soja yana jin 'yan jarida ba sa ganin sadaukarwar dakaru, ɗan'uwan wanda bam ya kashe yana jin 'yan jarida 'yan amshin shatan hukuma ne, kuma su biyun rahoto ɗaya suka saurara. Jin cewa mai sharhi ya faɗi gaskiya, saboda haka, ba hujja ba ce cewa ya faɗe ta.

Zargin cewa jarida ce ke jawo faɗuwa a yaƙi shi ma tsohon zance ne. An daɗe ana faɗin haka a Amurka game da Biyetnam, har Daniel Hallin ya bi rahotannin ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1986, ya nuna cewa kafafen sun fi goyon bayan yaƙin a shekarun farko, sukarsu ta ƙaru ne bayan manyan 'yan siyasa da kansu sun rabu a kai.

Ma'aunin da muka gada

Ba sai mun je nesa neman hanyar tantance mai ba da labari ba. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan wannan, kuma duk wanda ya zauna a zauren karatu a ƙasar Hausa ya ji ƙamshinsa. Suna tambayar daga wa mai ruwaya ya ji, ko sarƙar ta yanke a wani wuri, ko an san shi da riƙe magana daidai, ko ruwayarsa ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi inganci. Ƙa'idoji biyu daga cikin nasu sun dace da batunmu ƙwarai. Ɗaya ita ce suka ga mutumin da aka san shi da aminci ba ta karɓuwa sai an fayyace dalilinta. Ɗayar ita ce ana taka-tsantsan da sukar da tsara ke yi wa tsaransa idan akwai hamayya a tsakaninsu.

Idan aka ɗora ta farko kan sharhin siyasa, kalmomi irin su labarin bogi, 'yan kanzagin Turawa ko 'yan koren gwamnati ba su da wani nauyi har sai mai furta su ya ce wace jimla ce a rahoton ba daidai ba, mene ne daidai ɗin, kuma ta ina ya sani. Ta biyun kuwa ita ce ke sa mu dakata idan ɗan adawa na sukar sanarwar soja ana gab da zaɓe, ko minista na sukar tashar da ta kunyata gwamnatinsa. Dakatawa ba ƙaryatawa ba ce, domin mai hamayya ma yakan faɗi gaskiya. Abin da ake nema kawai shi ne wata shaida daga wajen hamayyar, kamar hoton tauraron ɗan'adam, rajistar asibiti, ƙidayar kaburbura, ko bayanin da aka yi bisa rantsuwa a gaban kwamiti. A rikicin Baga na Afrilun 2013 irin wannan shaida ce ta yi aiki: kwamandan sojojin ya ce mutum 37 suka mutu, mazauna garin suka ce sun haura 180, sai Human Rights Watch ta fito da hotunan sama da ke nuna gine-gine 2,275 da suka ƙone.

Wannan ma'auni yana buƙatar a bar ƙofofin shaida a buɗe, a nan ne kuma halin da ake ciki a Nijar ya zama abin damuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an dakatar da RFI da France 24 cikin kwanaki kaɗan. A Disambar 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, har da shirye-shiryenta na Hausa da gidajen rediyon cikin gida ke yaɗawa, bayan ta ba da labarin wani hari a Chatoumane da aka ce ya ci sojoji kusan 90, labarin da hukumomi suka musanta suka ce an yi shi ne don karya gwiwar dakaru. Mai yiwuwa hukumomin ne da gaskiya. Amma a Chinagodar an iya gane mai gaskiya ne saboda akwai murya fiye da ɗaya, kuma gwamnati ta ga dole ta gyara adadinta. Inda aka rufe sauran muryoyin, ko gaskiya hukuma ta faɗa babu mai iya gaskata ta da hujja, sharhin da ke yabonta da wanda ke zaginta kuma duk sun koma zato.

Giɓin da ya rage a wajenmu na taska ne. Sharhin da aka yi da Turanci a jarida yana nan a rubuce, ana iya ɗauko abin da mutum ya ce a 2014 a ajiye kusa da abin da ya ce a 2019. Sharhin Hausa kuwa mafi yawansa a iska ake yin sa, a rediyo da saƙon murya, gobe ya wuce, mai shi kuma ya dawo da sabuwar magana ba wanda zai tuna masa da tsohuwar. Ina kira ga sassan aikin jarida da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da su haɗa hannu su fara naɗar shirye-shiryen siyasa da na tsaro na gidajen rediyon Hausa, a rubuta su da kwanan wata da sunan mai magana, a ajiye inda ɗalibi da ɗan jarida za su iya isa gare su. Ga masu gabatar da shirye-shirye kuma, roƙona shi ne kafin ku buɗe wa baƙo makirfo ku tambaye shi wa yake yi wa aiki, ku faɗa wa masu sauraro amsar da ya bayar.